Sikelin da Ya Yi Awo a Ƙarƙashin Ruwa

Jama'a, wannan abin da zan ba ku ba a majalisa na tsinto shi ba, ni ya faru da ni, da idona na gani, kuma wallahi tallahi ban ƙara masa gishiri ba. Wanda ya yarda to, wanda bai yarda ba ma ba zan ga laifinsa ba, don ni kaina da wani ne ya zaunar da ni ya ba ni, da cewa zan yi ya je a duba shi.

Shekarun baya ne, wata damina da kogi ya cika ya batse a Haɗeja har samari suka koma zaman kan jinga suna ɗura ƙasa a buhu. Lokacin ina aiki da wani kamfanin casar shinkafa a bakin gari, ni ke kula da kwamfutocinsu, daga mai gadi har masu kamfanin kowa Injiniya yake ce min. Kamfanin yana da wata ma'ajiya a wani ƙauye can cikin fadama, gabas da gari, inda manoma ke kawo shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a auna, mota ta kwaso ta zuwa gari. A ma'ajiyar akwai wani sikeli babba, farantin ƙarfe ne shimfiɗe a kan dakalin siminti, kuma mai awon wani dattijo ne siriri, Malam Idi, mutum mai barkwanci, kullum da safe kafin a ɗora buhun farko sai ya hau sikelin da kansa ya ga ko yana nan daidai.

To sikelin nan ba shi da allon karatu nasa na kansa, waya ce ke fita daga cikinsa ta shiga kwamfuta, wata manhaja ta karanta nauyin. Manhajar kuwa tsohuwa ce tukuf, wanda ya rubuta ta ma ba a san inda ya shiga ba, kuma ko za ka mutu ba za ta tashi a sabuwar kwamfuta ba. Shi ne na yi mata dabarar da mu 'yan sana'ar nan muka saba yi, na gina mata tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa.

Kai, bari in tsaya in yi muku bayanin wannan, don a nan ne sana'ata take yi min daɗi, kuma in ba ku gane shi ba ba za ku ga abin da ya tayar min da hankali ba. Akwai manhajar da za ka sa wa kwamfuta, ita kuma ta ƙirƙiro wata kwamfutar a cikinta, wadda ba ta da ƙarfe ba ta da roba, amma tana tashi tana aiki tana mutuwa kamar kowace kwamfuta. Ni uwa da 'ya nake ce musu. Ita 'yar gaba ɗayanta folda guda ce. In ka buɗe foldar za ka ga wani ƙaton fayil, shi ne rumbunta, duk kayanta suna ciki. A gefensa kuma akwai wani ɗan mitsitsin fayil na saiti, rubutu ne zalla, layi-layi, ko ɗan sakandare zai karanta. Wannan layin ya ce sunanta kaza, wancan ya ce a ba ta ƙwaƙwalwa kaza, wani ya nuna inda rumbunta yake, wani ya ce a haɗa ta da kafar waya ta farko ko ta biyu, wani kuma yana ɗauke da wata doguwar lamba wadda ita ce shaidarta, ba wata 'yar da ke da irinta. Duk lokacin da ka tashe ta, uwar sai ta karanta wannan ɗan fayil ta gina ta yadda ya faɗa. In tana aiki kuma, uwar kan sake rubuta shi da kanta, shi ya sa ba a gyara shi sai 'yar tana kashe, in ka gyara tana kunne aikin banza ka yi, za a shafe maka. Sannan muddin tana kunne, uwar tana ajiye wani ɗan fayil na kulle a foldar, da sunanta a ciki, don kada wata uwar ta zo ta tashe ta su zama su biyu a kan 'ya ɗaya.

Uwar da ke ƙauye na raɗa mata suna Fadama. Duk zuwan da na yi ƙauyen sai na kwafi foldar 'yarta a faifan ajiya na sa a jaka, kuma Allah Ya taimake ni na je ana saura kwanaki kaɗan ruwa ya zo.

Da ruwan ya tashi zuwa bai yi sallama ba. Wata jinga ce ta ɓalle a saman ƙauyen, kafin azahar hanya ta yanke, Malam Idi ya garƙame ma'ajiya da kwaɗo ya bi mutane a kwalekwale ya fito daga shi sai kayan jikinsa. Manoma kuwa ba su bar shinkafarsu ba. Wallahi na ga abin da ya ba ni tausayi ya kuma burge ni, mutum yana tsaye ruwa iya ƙirji yana yankar kan shinkafa yana jefawa a jirgi. Da suka fito da ita tudu, sai suka ɗoro ta a kekuna da babura da amalanke suka nufo kamfani kai tsaye, jiƙe sharkaf, don mu ke da injin busarwa.

Da safe na iso na tarar da layi har titi. Wadda ke tafiyar da kamfanin, Hajiya Rabi, ƙanwar mai kamfanin ce, mace mai zafin nama, ta tare ni tun daga ƙofa. Ta ce, "Injiniya, ka ga mutanen nan? Shinkafar nan in ta ƙara kwana a buhu tsirowa za ta yi, kuma ba zan zuba ta kowa da kowa a inji ba tare da an san ta wane nawa ce ba. Ga ɗan'uwan sikelin ƙauye can a sito tun da aka sayo su tare, na sa an fito da shi. Ka tashe min shi yanzu."

Na ce, "Hajiya, ki ɗauka an gama." Kuma har ga Allah murna nake, don irin ranar da nake ajiye kwafi dominta ke nan.

Na zauna a ofis, Malam Idi a gefena yana fifita da hula, na zuba foldar a kwamfutar ofis na danna tashi. Sai saƙo ya fito wai wannan 'yar wata uwa tana amfani da ita. Na yi dariya, don wannan ba komai ba ne, ranar da na kwafa Malam Idi yana cikin awo, kullen ya biyo kwafin ke nan. Na goge shi. Na buɗe ɗan fayil ɗin saiti na gyara layi biyu, na rage ƙwaƙwalwar saboda kwamfutar ofis ba ta kai Fadama ƙarfi ba, na sauya kafar waya zuwa wadda zan soka sabon sikeli. Na adana, na danna tashi.

Wai wata uwa tana amfani da ita.

Na leƙa foldar, ga kulle ya dawo. Na buɗe shi, sunan da ke ciki Fadama. Na buɗe fayil ɗin saiti, layukan nan biyu da na gyara da hannuna sun koma yadda suke dā, kuma lokacin da aka taɓa fayil ɗin na ƙarshe ba ranar da na kwafa ba ce, yanzun nan ne, ko minti ba a yi ba. To ku tuna abin da na gaya muku, ba mai sake rubuta wannan fayil sai uwar da 'yar ke kunne a cikinta. Ita kuwa Fadama tana can a ɗakin da ruwa ya ci, ba wuta, ba sola, ba komai.

Tsoro bai zo min ba tukuna, wani irin zumuɗi ne ya kama ni, irin na mafarauci da ya ga sawun da bai sani ba. Na ce lallai akwai wata hanya da ban gani ba. Na zare wayar intanet, na kashe mara wayar ma, na sake gogewa na sake gyarawa, ya dawo. Na ɗauko laftof ɗina wadda ba ta taɓa zuwa ƙauyen nan ba, na zuba sabon kwafi daga faifai, na yi duk abin da na yi, wallahi ina kallo da idona kullen ya ɓullo a foldar kamar kumfa a kan ruwa.

Malam Idi ya ce, "Injiniya, lafiya kake magana kai kaɗai?"

Na ce, "Malam, kwamfutarka ce ta ƙauye ta hana ni 'yarta."

Ya ce, "Wacce? Wadda na baro tana iyo?"

A ƙasan saƙon akwai wani maɓalli da ke cewa ka ƙwace ta da ƙarfi. Na yi bisimilla na danna. Sai ga ta ta tashi. Amma akwai wata tambaya da manhajar nan ke yi duk lokacin da 'ya ta farka a jikin baƙuwar uwa, takan ce, matsar da ita ka yi ko kwafa ka yi, don ta san ko za ta bar mata lambar shaidarta ko ta ba ta sabuwa. Ban taɓa ganin ta tsallake tambayar nan ba tun da nake. Ranar ba ta yi ba. Ta wuce kai tsaye kamar wadda ke ɗakinta, manhajar awo ta buɗe, kuma a gurbin da ya kamata a ga sifili, ga lamba ɓaro-ɓaro.

Jama'a, wayar sikelin tana hannuna. Ban soka ta ko'ina ba.

Lambar ta ɗara kilo tamanin, kuma ba a tsaye take ba, tana ɗan hawa tana ɗan sauka. Malam Idi ya daina fifita, ya matso da fuskarsa dab da allon, ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Wannan ba buhu ba ne. Buhu in an jefa shi lamba ta yi tsalle ta zauna, shi ke nan. Wannan kamar mutum ne a tsaye yana sauya ƙafa."

Hajiya ta shigo ta same mu mun ƙura wa allo ido kamar masu kallon ƙwallo. Na fara zuba mata bayani baki har yana kumfa, ga kulle, ga saiti, ga waya a hannuna. Ta saurara kaɗan ta ce, "Injiniya, ko aljani ne a kai ya jira layi. Shinkafar mutane tana zafi a buhu."

Gaskiyarta. Na ture laftof ɗin gefe na bar ta a kunne, don wallahi ba zan iya kashe ta ba. Na koma kwamfutar ofis na buɗe sabuwar folda, na ɗauko rumbun kaɗai na bar tsohon fayil ɗin saiti da kullensa, na zauna na rubuta sabon saiti da hannuna layi bayan layi, sabon suna, ƙwaƙwalwa daidai ƙarfin kwamfutar, kafar waya ta daidai, na bar manhajar ta yanka mata sabuwar lambar shaida. Na soka waya na danna tashi. Sifili! Malam Idi ya ruga waje ya haye farantin, na ƙwala masa ta taga, "Sittin da biyu!" Ya ɗaga hannu ya ce, "Ni ne wannan, ku kawo kaya!" Kai, ka ji kabbara a layin nan. Aka shiga ɗora buhu ana saukewa, inji ya tashi, ƙamshin shanshera mai ɗumi ya cika ko'ina. Wani dattijo da na tabbata bai san me na yi ba ya kama hannuna da hannu biyu yana ta sa min albarka.

Amma duk bayan ɗan lokaci sai na faki ido na koma ofis na leƙa laftof. Lambar tana nan. Wani lokaci ta faɗi sifili, a jima ta dawo, kamar mai fita ya dawo.

Washegari da safe na ce wa Hajiya ni fa sai na je na gani. Ta ce dama tana so a duba mata ko rufin ma'ajiyar yana nan. Malam Idi ya ce ƙafata ƙafarsa, ai makullin yana aljihunsa. Na ajiye laftof ɗin a teburin Hajiya na roƙe ta kada ta matsa daga gabanta, zan kira ta in mun isa. Muka sami wani masunci, Ɗanjuma, ya ɗauke mu a kwalekwalensa.

Tafiyar nan ba zan manta da ita ba. Rana ƙwal, sama fes, ruwa ya shafe komai har iya ganinka, ba ka sanin inda kogi ya tsaya gona ta fara sai dai ka ga kan dawa yana leƙowa. Ɗanjuma yana tura gora yana kutsawa da mu ta cikin doguwar ciyawar kacalla, tsuntsaye suna tashi, Malam Idi yana nuna mana wai nan kasuwa ce, nan filin ƙwallon yara ne. Ni kuwa ina ta ƙirƙiro dalilai ina rushewa.

Muka iso. Ma'ajiya tana tsaye, kwaɗo a garƙame yadda aka bar shi. Ɗanjuma ya ɗaure jirgin a ƙarfen taga dab da ƙofa, Malam Idi ya buɗe, muka dira ruwa iya cinya muka shiga. Haske yana shigowa ta ƙofa da taga, ana ganin ko'ina. Na lalubi ƙarƙashin tebur, ga Fadama a nutse, na ɗago ta ruwa da laka suna tsiyaya ta kowace kafa. Batiran sola ma suna ƙasa a nutse. Sikelin yana kan dakalinsa, ruwan da ke samansa bai wuce idon sawu ba, kana hango ƙarfen tar. Babu komai a kai. Ko kara babu.

Na kira Hajiya na sa wayar a sifika. Na ce, "Hajiya, me kike gani?"

Ta ce, "Tamanin da huɗu. Amma ya daina rawar nan. Tun ɗazu ya tsaya cak."

Muka kalli juna. Ɗanjuma ya miƙa gorarsa daga inda yake ya danna gefen farantin. Hajiya ta ce, "Ya ɗan ƙaru. Ya koma. Me kuke yi ne?"

Ina gaya muku gashin jikina gaba ɗaya ya miƙe, amma bakina dariya yake, ban san dalili ba. Kwamfutar tana hannuna a mace, ga gari can nesa, kuma matar nan tana ganin gorar Ɗanjuma!

Malam Idi ya tattare rigarsa ya ce, "Sikelina ne, bari in ji." Na ce, "Malam, a'a," amma ina, har ya yi bisimilla ya taka dakalin ya hau.

Hajiya ta ce, "Kai! Ya tashi, ɗari da arba'in da shida. Wa ya hau?"

Na ce, "Malam Idi ne."

"Shi da wa?"

Malam Idi yana tsaye a tsakiyar farantin shi kaɗai, hannayensa a sake, yana kallon gefensa na dama. Ɗakin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga kwamfutar da na rungume.

Sai muryar Hajiya ta sake fitowa, a hankali wannan karon. "Injiniya, wa ya sauka? Saura sittin da biyu."

Kuma a daidai lokacin, wallahil azim, ruwan da ke gefen dakalin ya lotsa kamar an zura ƙafa, sai wata 'yar igiyar ruwa ta taso ta miƙe, ba sauri, ta bi ta tsakanina da tebur har na ji ruwan ya dake ni a cinya, ta nufi ƙofa. Da ta kai ƙofa, kwalekwalen da ke ɗaure ya matsa gefe, kamar yadda mutum zai ture abu da hannu ya wuce, sannan ya dawo wurinsa.

Ban san lokacin da na saki kwamfutar ba. Ɗanjuma ne ya fara isa jirgi, ni na biyu, Malam Idi ya tsaya sai da ya mayar da kwaɗonsa, yana ta innalillahi. Muna cikin kacalla na tuna wayar tana kunne, Hajiya sai kiran sunana take. Ta ce da Malam Idi ya sauka lambar ta koma sifili, ba a jima ba allon ya rufe da kansa.

Da na koma na duba, 'yar a kashe take, kashewa mai kyau irin ta wanda ya gama aiki, kullen ya tafi. Na gyara fayil ɗin saitin ya zauna, na tashe ta ta yi min tambayarta ta matsarwa ko kwafa kamar kullum, ba ta sake nuna komai ba.

An yi ta faɗin albarkacin baki. Wasu suka ce ƙaton tarwaɗa ne, na ce tarwaɗan da ba a gani a ruwa iya idon sawu? Wasu suka ce mutanen ruwa ne, ambaliya ta kore su suka fake. Wani abokin sana'ata a Kano da na ba shi labari ya ce tsofaffin lambobi ne da suka maƙale manhajar take maimaitawa. Na ce to ta yaya tsohuwar lamba ta san lokacin da Malam Idi zai ɗaga ƙafa? Sai ya ce in turo masa foldar. Ban tura ba.

Shi Malam Idi bai taɓa sa baki a gardamar ba. Sai bayan ruwa ya janye, wata rana da yamma muna cin soyayyen kifi a bakin kasuwa ni da shi, ya ajiye ƙaya ya ce, "Injiniya, akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Ka san yadda ruwan nan yake da sanyi ranar. To da na hau, inda na sa ƙafar hagu ƙarfen sanyi ƙalau. Da ɗaya nauyin ya sauka, na matsa ƙafar dama wajen da yake. Ɗumi gare shi. Irin ɗumin tabarmar da mutum ya tashi a kai yanzu."

Na kasa ƙarasa kifin.

Shawarata gare ku, 'yan'uwana masu wannan sana'a, ku riƙa ajiye kwafin saitinku a wuri daban, ku kuma koyi rubuta shi da hannu, wata rana shi zai fitar da ku kunya. Sauran jama'a kuma, duk ɗakin da aka rufe aka bari, ko naku ne, ko makullin yana aljihunku, ku yi sallama kafin ku shiga, ku ɗan dakata a bakin ƙofa. Mu ranar ba mu yi ba.